Mai Ciwo Ma Yana da Ta Cewa

Duk wanda ya taɓa jinya a Kano ya san tambayar da ake tarar wanda ya dawo daga asibiti da ita: "To, me suka ce yana damunka?" Ya kuma san amsar da ta fi yawa: "Wallahi ba su ce komai ba, sun dai rubuta magani, sun ce in koma bayan sati biyu." Mutum ya yi sammako tun bayan asuba, ya yanki kati, ya bi layi har rana ta take, ya biya kuɗin gwaji da na hoto, amma ya koma gida bai san sunan ciwon da ke jikinsa ba. Sai ya miƙa wa yaron kyamis na bakin layinsu takardar, shi ne zai duba ya ce, "Ai Baba wannan na hawan jini ne, wannan kuma zai riƙa sa ka fitsari." Wanda bai taɓa leƙa ajin likitanci ba shi ya yi bayanin da likita bai yi ba. In ciwo ya sake motsawa, wurin wa kake jin Baba zai fara zuwa?

Ma'aikatan lafiya suna yawan kukan cewa mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai abu ya ci tura. Sai an gama zagaya gidajen masu magani, an sha jiƙe-jiƙe, ƙoda ta taɓu, sannan a kinkimo mutum ranga-ranga a ce likita ya yi abin al'ajabi. Kukan nasu yana kan hanya. Inda na saɓa da su shi ne da suke tattara abin duka su kira shi jahilci. Bakano ba ya shakkar ilimin likita. Har gobe in yaro ya yi fice a makaranta, likita ake yi masa fatan zama. Daga Jigawa da Katsina har Damagaram ake tahowa asibitin Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda tun 2002, ana tahowa asibitin ƙashi na Dala da na Murtala. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wanda zai saurare ka, ya gaya maka abin da ya gani a jikinka da harshen da kake ji, sannan ya tambaye ka yadda kake gani. Wannan shi ke haifar da yarda, kuma shi ne muka bar wa waɗanda ba su cancanta ba.

Ka tsaya ka saurari mai maganin nan da ya kafa lasifika a kan mota a bakin kasuwa. Kafin ya ambaci kuɗi sai ya zayyana maka jikinka: kasala da safe, ciwon baya, kumburin ciki, jiri in ka miƙe, rashin kuzari a wurin iyali. Wane ne ya haura arba'in da ba zai ji ɗaya ya yi daidai da shi ba? Daga nan ya raɗa wa ciwon suna, basir ko sanyi ko daji, ya faɗi abin da ke kawo shi, ya faɗi kwanakin da za a warke. Mafi yawan zancen shaci-faɗi ne, wani ma ganganci ne da rayukan mutane, amma yana da kai da gindi, kuma da Hausa aka yi shi. Yanzu lasifikar ta koma cikin waya. Akwai masu sayen fili a gidajen rediyo, akwai na TikTok da Facebook, akwai saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp na dangi, wanda kullum "wani babban likita" ne ya faɗa, ba suna ba asibiti. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. Da ana aiki da wannan hukunci, da kasuwar da yawa ta watse. Amma kama su kaɗai ba zai wadatar ba, domin ƙishirwar da suke kashewa ta gaske ce. Mai ciwo yana son ya san me ke faruwa da shi, kuma zai je duk inda aka ce za a gaya masa.

A Kano kuwa batun yana da tarihi, bai kamata mai farar riga ya manta ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin Zana ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a harabar asibitin akwai likitocin agaji na MSF da ke ba da maganin da aka saba. Shari'a ta yi ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya. Ko ka ɗauki maganar kamfanin dungurungum, tambayar tana nan: me aka gaya wa uwar da ta miƙa ɗanta, kuma me ta fahimta?

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano bisa zargin an gurɓata shi da abin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, kuma mun biya farashi mai tsada: yara sun shanye a nan gida, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Amma abin lura shi ne yadda aka fita daga rikicin. Ba da zagin mutane aka fita ba. Sai da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tura nata mutanen suka duba, aka kawo maganin daga Indonesiya, aka dawo da aikin a watan Yulin 2004. Bayan nan aka jawo sarakuna da malamai, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida suna amsa tambaya, aka kuma fara haɗa ɗigon da duba wasu cututtuka, saboda iyaye sun yi tambaya mai ma'ana: don me kuke bin mu har ɗaka da maganin ciwon da ɗana ba shi da shi, amma in zazzaɓi ya kama shi sai na saya? Rabon Kano da samun yaron da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji ta kama tun 2014, kuma a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Mutanen da aka ce ba sa jin magana su ne suka buɗe ƙofa da aka zauna da su.

Mutane da yawa ba su san cewa bayanin nan haƙƙi ne da doka ta rubuta ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin gwaji da magani da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, da kuma cewa yana da damar ya ƙi, tare da bayyana masa abin da ƙin zai jawo. Ta ƙara da cewa a yi bayanin, gwargwadon iko, da harshen da yake fahimta, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya maimaita wannan. A takarda mun gama komai.

A aikace kuwa, abin da aka fi sani shi ne "sa hannu". Za a yi aiki, nas ta fito da takarda ta ce, "Ina mijinta? Ya zo ya sa hannu." Takardar da Turanci, mutumin a ruɗe, sai ya ɗauka cewa abin da ya sa wa hannu shi ne in ta mutu ba ruwan asibiti. Shi ya sa wasu da jin kalmar sai su ce a ba su matarsu su tafi gida a ci gaba da addu'a. Ita kuwa mai cikin, wadda za a tsaga, tana kwance tana jin ana shawara a kanta daga bayan labule. In mijin yana Legas ko wayarsa ba ta shiga, sai a zauna jiran wansa ko mahaifinsa, jini yana zuba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 44 cikin 100 ne kawai na matan aure a Najeriya suke da baki a shawarar da ta shafi lafiyar jikinsu, kuma mu nan Arewa maso Yamma muna ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Ban ce rashin shawara da mata shi kaɗai ya kawo haka ba. Akwai talauci, akwai nisa, akwai rashin jini a ma'ajiya. Amma jinkirin yanke hukunci yana cikin manyan dalilai, kuma shi ne wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi kafin a gyara.

A doka, mace baliga mai hankali ita ke da izinin jikinta. Na san in aka faɗi haka wasu za su ce ga 'yan boko nan za su raba mace da mijinta. Ba haka nake nufi ba, kuma ba na goyon bayan a kwaso tsarin da za a kori dangi waje a bar mara lafiya shi kaɗai da likita. A wurinmu dangi su ne inshora. Su ke sayen magani, su ke ba da jini, su ke kwana a baranda a kan tabarma. Wanda zai biya yana da haƙƙin a yi masa bayani. Abin da nake cewa shi ne a daina tsallake mai ciwon. Kuma lokacin wannan magana tun wajen awo ne, ba daren naƙuda ba. In an ga jinin mace yana hawa, ko yaro ya kwanta a gicciye, ko an taɓa yi mata aiki, a kira ta da mijinta tun ciki yana wata bakwai a ce musu: ga abin da muke gani, ga abin da zai iya faruwa, in ya faru ga abin da za mu yi, ku je ku yi shawara ku tanadi mai ba da jini. Mutumin da aka ba wata biyu ya yi tunani daban yake da wanda aka tsare da biro ƙarfe biyun dare.

Haka abin yake a ciwon daji. Sau da yawa 'ya'ya ne ke jan likita gefe su ce, "Don Allah Dakta kada Hajiya ta sani." Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma Hajiya ba yarinya ba ce. Ta ga ana raɗa, ta ga an sayar da fili, ta ga gashinta yana zuba. Abin da aka hana ta shi ne damar ta yi wasiyya, ta biya bashi, ta nemi yafiya, ta kuma zaɓa ko tana son a ci gaba da wahalar magani ko a rage mata zafi ta koma ɗakinta. Wanda ba ya son ya ji, a kyale shi, wannan ma zaɓinsa ne. Sai dai a tambaye shi tukuna. Kuma rashin bayani tun farko shi ke ba camfin nan na "daji ba ya son ƙarfe" gindin zama. Mace ta ji ƙullutu a mama, an ce a ɗebi nama a auna, ba wanda ya zauna ya gaya mata dalili, sai ta gudu wurin mai shafe-shafe. Bayan shekara ta dawo abu ya fashe, aka yi aiki bai yi amfani ba, sai unguwa ta ce ai ƙarfen ne ya kashe ta.

To, likitan fa? Adalci ne a ji nasa. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitocin da ke da lasisi a ƙasar nan wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fice a 'yan shekarun nan. Mu kuma mun haura miliyan 200. Likitan da ya kwana a bakin aiki, ya fito ya tarar da layi har waje, ga na bayan layi suna ƙorafin an daɗe, ga albashin da bai kai ƙarshen wata, in ka ce masa ya zauna hira da kowa kamar ba ka san halin da yake ciki ba ne. Akwai kuma likitocin da duk da haka suke yi, za ka ji tsofaffi suna kiran ranar asibitinsu da sunansu, suna ƙin ganin kowa in ba su ba. Wannan ma hujja ce: abin yana yiwuwa, kuma mutane suna gane shi.

Ba lacca ake nema ba. Ɗauki hawan jini, wanda ya cika gidajenmu. Ciwo ne da yawanci ba ya nuna alama, maganinsa kuma ba na sati biyu ba ne, na kullum ne. In ba a gaya wa Malam haka ba, abin da hankali zai ba shi shi ne ya sha, ya ji garau, ya ajiye, kamar yadda yake yi da maganin zazzaɓi. Bayan shekara biyu a kawo shi ɓarin jiki ya shanye, ko a ce sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati, a rubuta a fayil cewa ba ya bin umarni. Wane umarni? Jimla uku ce za ta raba shi da wannan: ciwon nan ba a jin sa, maganin ba a daina shi, in kuɗinsa ya fi ƙarfinka ka dawo mu canja maka mai sauƙi. Ta ukun nan ita ce shawarar da ake cewa a yi tare. Mafi yawan kuɗin magani a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita, don haka takardar da aka rubuta ba tare da an tambayi aljihun ba, yaron kyamis ne zai yi mata kwaskwarima: "Wanne za a bari, Baba?" Ko bakanike a Ƙofar Ruwa, in ya canja maka wani abu a mota, sai ya nuna maka tsohon da ya cire, ya kuma tambaye ka sabo kake so ko na hannu.

Wani wurin ma rashin bayanin ya haifar da ciwon da babu shi. Kowa a Kano yana da "maleriya da taifot". Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen gano taifot ya haura shekara 120, kuma a ƙasa irin tamu yakan nuna alama ko ga wanda ya taɓa yin ciwon da daɗewa, ko mai zazzaɓin cizon sauro kawai. Gwaji ɗaya bai isa a ce mutum yana da taifot ba. Wanda ya fi inganci shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Likitoci sun san haka sarai. Amma mutum ya riga ya je ɗakin gwaji da kansa, ya zo da takarda, yana jiran allura da ƙarin ruwa. Gardama da shi za ta ci minti biyar, rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta za ta ci rabin minti. Sai a rubuta. Haka muke ta sha har magungunan suna daina aiki, kuma wanda ya ƙi rubutawa shi ake cewa bai iya aiki ba. Yarda da likita a wani lokacin ita ce ka karɓi "ba ka buƙatar allura" daga bakinsa, amma ba za ka karɓa ba sai ya gaya maka dalili.

Mu ma masu zuwa asibiti da namu laifin, ba kaɗan ba. Muna ɓoye abin da muka sha. An tambayi mutum ko ya sha wani abu, ya ce a'a, alhali ya yi wata yana haɗiyar haɗin kyamis mai maganin kashe zafi diclofenac a ciki, ga sassaƙe, ga na Islamic kyamis. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai mutum ba zai faɗa ba in ya san tsawa ce za ta biyo baya, don haka likitan da ke son gaskiya sai ya tambaya kamar abin da ya saba ji ne, domin kuwa ya saba. Muna kuma da kunyar tambaya, musamman a gaban wanda muke ganin ya fi mu ilimi, a ce "ka gane?" mu ce "e" don kada a raina mu. Ga masu zuwa da hukuncinsu a waya, sun karanta wani abu a intanet sun zo likita ya sa musu hannu kawai. Neman bayani a waya ba laifi ba ne, ni ina ganin alheri ne, in dai za a kawo shi a matsayin tambaya. Likitan da ya ji haushi don an ce "na ji an ce" ya manta cewa wanda ya kawo masa jita-jitar ya ba shi damar gyara ta. Wanda ya yi shiru ya tafi da ita gida shi ne abin tsoro.

Akwai abubuwan da za a iya farawa ba tare da an jira an ƙara likita ko ɗaya ba. A rubuta wa kowane mara lafiya sunan ciwonsa a katinsa, da Hausa in akwai sunan. Kafin ya tashi a ce ya maimaita yadda zai sha maganin, nan take za a gane ko ya fahimta. Inda likita ba shi da lokaci, a ajiye nas ko mai harhaɗa magani a teburi guda wanda aikinsa kawai amsa tambaya ne, yadda ake yi wa mata bayani ranar awo. Takardar sa hannu kuma a mayar da ita Hausa, da boko da ajami, a karanta wa mutum ita da baki a gaban shaida, a kuma ware layin da mai ciwon da kansa zai sa hannu ko ya dangwala kafin na danginsa. Shafi ɗaya ce ko biyu. Jami'ar Bayero tana da masana Hausa da likitoci a gari ɗaya, kuma Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha za ta iya ba da umarnin amfani da ita a duk asibitocinta da wasiƙa guda.